Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya a kan farin dutsensa mai takardar sargiyefayit

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a kan farin dunƙulen da aka sayar maka da takarda mai cewa sargiyefayit ne, wato wani ma'adinin da ba a cika samu ba, wanda ka ce yana zubar da gari a cikin kwalinsa, kuma ya yi kumfa da ka ɗiga masa asid, har kake neman a tabbatar maka ko na gaske ne, a kuma faɗa maka yadda za ka adana shi. Ban iya wuce tambayar ba, domin irin wannan dutse ya taɓa jefa ni cikin baƙin cikin da har yau bai gama sakina ba.

Ka daina ɗiga masa asid tun yanzu. Kumfar da ka gani shaida ce kawai cewa kabonet ne, wato dangin ma'adinai irin su alli, kuma 'yan'uwansa kalsayit da hantayit da haidromagnisayit duk za su ba ka ita, alhali kowane ɗigo yana cinye wani yanki na abin da ba ka da na biyunsa. Ido ma ba zai taimake ka ba. A irin wannan dunƙule, waɗannan ma'adinai dukkansu farare ne, marasa ƙyalli, masu kama da alli, kuma ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai ta yadda madubin hannu ba ya nuna siffarsu. Duk wanda ya kalli hoton da ka aiko ya ce maka ya gane, to zato yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ambaci wurin da aka tono shi ba. An fara bayyana sargiyefayit ne a shekarar 1980 daga mahaƙar ƙarafan tangistan da molibdinam ta Tirniyawuz, a kwarin Baksan na yankin Kabardino-Balkariya, cikin duwatsun Kokasas na Rasha, ba da nisa da tsaunin Elburus ba, aka kuma sa masa sunan Yebgeni Sargiyef, masanin ilimin ƙasa na Jami'ar Mosko. Ba daga narkakken dutse mai zafi yake fitowa ba. Yana samuwa ne kusa da saman ƙasa, inda ruwa da iska suka daɗe suna cin duwatsu masu kalsiyam da magniziyam, shi ya sa ake samunsa ɗan kaɗan tare da hantayit da sauran ma'adinan da ruɓewar dutse ke haifarwa. Idan takardarka ba ta ce Tirniyawuz ba, ko kuma dunƙulen babba ne mai tsabta wanda babu ko ɗigon uwar dutse a jikinsa, lallai ka yi shakka. A Kozani ta ƙasar Girka da kuma yankin Denizli na Turkiyya ana haƙo cakuɗen hantayit da haidromagnisayit da yawan gaske, ana zuba shi cikin roba domin hana ta kamawa da wuta, don haka farin dunƙule irin wannan ba wuyar samu yake da shi ba ga mai son ya liƙa masa sunan da ya fi tsada.

Nawa dutsen daga hannun wani dillali ya fito, mutum mai daɗin baki wanda ya rantse cewa daga tsohuwar ajiyar wani injiniyan mahaƙar ya same shi. Na kai shi wani ɗakin gwaji, na rubuta a jikin ambulan da manyan baƙaƙe cewa kada a ɗumama shi, kuma a ɓanci ɗan gefe kawai. Na maimaita wa ma'aikacin da baki, ya gyaɗa kai yana kallon wayarsa. Ranar da na koma sai ya miƙo mini ƙaramar kwalba da farin gari a ciki. Ya busar da dutsen gaba ɗaya a tanda a kan zafin digiri 105 na ma'aunin Salshiyas, kamar yadda suke yi wa kowace ƙasa da aka kawo musu, sannan ya niƙe shi tas. Na tsaya riƙe da kwalbar na kasa magana. Da na tambaye shi ko bai ga rubutun ba, sai ya ce ai ƙa'idar aikinsu ke nan, kuma gari ya fi sauƙin aunawa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya riƙa yi mini bayani a hankali, sai ka ce ni ne ban san abin da na kawo ba, alhali ma'adini ne wanda ruwan da ke cikin ƙirarsa shi ne abin da ya bambanta shi da hantayit. Shugaban wurin kuma ya ce in rubuto ƙorafi, na rubuta, babu wanda ya amsa.

Sakamakon ya nuna hantayit da haidromagnisayit. Da na kai wa dillalin, nan take ya samu mafaka: ya ce zafin tandar ne ya lalata masa kaya, don haka ba zai mayar da komai ba. Ka ga an bar ni tsakanin mutum biyu, kowanne yana fakewa da laifin ɗayan. A ra'ayina dillalin ƙarya yake yi, domin haidromagnisayit ba ya fara sakin ruwansa sosai sai zafi ya haura digiri 200, kuma tanda ba ta ƙirƙiro shi daga babu, don haka yana cikin dutsen tun asali. Amma hujjar da zan rufe masa baki da ita ita ce dutsen da ba a taɓa ba, shi kuwa ya zama gari.

Ga lissafin da nake so ka riƙe, domin shi ne ya sa binciken sinadarai kaɗai ba zai wadatar da kai ba. A dolomayit, wanda shi ma kabonet ne, kalsiyam 1 ne ga magniziyam 1. A hantayit, wanda Joj Fost ya bayyana a 1953 daga jihar Nebada ta Amurka, kalsiyam 1 ne ga magniziyam 3, kuma babu ruwa a cikinsa. A sargiyefayit kalsiyam 2 ne ga magniziyam 11, tare da ruwa. To haidromagnisayit yana da magniziyam 5 da ruwa, ba shi da kalsiyam ko kaɗan. Idan ka haɗa kashi biyu na hantayit da kashi ɗaya na haidromagnisayit, za ka samu kalsiyam 2 da magniziyam 11 daidai, ga kuma ruwa a ciki. Wato cakuɗen da ake haƙowa da manyan motoci zai iya ba ka alƙaluman ma'adinin da ba a cika samu ba. Nauyi ma haka yake ruɗarwa, domin idan aka kwatanta da nauyin ruwa mai girma ɗaya, hantayit yana wajen ninki 2.7, haidromagnisayit wajen 2.2, cakuɗensu kuma zai faɗo tsakani, balle ma dunƙule mai ƙananan ramuka ba ya aunuwa da kyau a ruwa. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin bazuwar hasken eksire, wanda ke fitar da zanen layuka na musamman ga kowane ma'adini, a kan garin da ba a ɗumama ba, a dubi ko layukan haidromagnisayit sun bayyana, sannan a auna yawan ruwan da ke fita yayin da ake ƙara zafi sannu a hankali. Ka nemi a ba ka ainihin zanen sakamakon, kada ka yarda da sunan da kwamfuta ta zaɓo kawai, domin zanen sargiyefayit yana kusa da na hantayit.

Da hannunka za ka ɓanci abin da za a gwada, kuma sauran ya zauna a gida ko da sun ce dokarsu ita ce su karɓi duka. Garin da ka ce yana zuba a kwali ma kada ka zubar, ka tattara shi a ƙaramar kwalba mai murfi, domin sau da yawa ya isa gwajin farko.

Game da adanawa, kada ruwa ya taɓa shi, kada ka goge shi da buroshi, kuma kada ka shafa masa gam ko wani abin ƙarfafawa don ya daina zuba, saboda hakan zai ɓata duk gwajin da za a yi daga baya. Ka sa shi a akwati mai rufuwa sosai, nesa da rana da fitila mai zafi. Ban yarda a cika masa ƙwayoyin tsotse laima ba, domin kabonet masu ruwa bushewar iska ma tana cutar da su. Misali, ɗaya daga cikinsu, lansfodayit, yakan rasa ruwa ya koma wani ma'adinin mai suna naskwahonayit a iskar ɗaki, ikayit na ƙasar Girinlan kuwa da zarar ya bar sanyi sai ya rushe ya koma kalsayit da ruwa. Naka bai kai su rauni ba, amma zafin da ke hawa yana sauka shi ne ke ƙara masa zubar gari. Ka kuma raba shi da duk wani dutse mai fayirayit, wato ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinariya, domin idan fayirayit ya fara ruɓewa asid yake fitarwa.

Kafin ka kashe ko kwabo a kan gwaji, ka koma wurin wanda ya sayar maka, ka sa ya rubuta maka sunan mahaƙar da hannun da dutsen ya biyo, da kuma alƙawarin cewa zai karɓi kayansa idan sakamako ya saɓa. Idan ya fara kame-kame, ka ajiye saƙonninsa duka. Tsohuwar takardar da ta zo da dutsen kuma ka adana ta yadda take, ka ɗauki hotonta gaba da baya ka aiko mana mu ga abin da aka rubuta a wurin sunan mahaƙar.