Manhajata ta ƙi buɗewa bayan an sabunta Ubuntu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta manhajar lissafin shago da ke aika bayanai ta intanet a ɓoye, tana aiki lafiya a tsarin sarrafa kwamfuta na Ubuntu 20.04. Da aka koma 22.04 sai ta ƙi buɗewa, tana cewa ba ta ga libssl.so.1.1 ba. Abokina ya ce in kwafo fayil ɗin daga tsohuwar kwamfuta. Shin in yi hakan?
Daga wani mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam. Fayil ɗin libssl.so.1.1 ɓangare ne na OpenSSL, wato manhajar da taka ke dogara da ita wajen ɓoye bayanai. Ubuntu 20.04 tana zuwa ne da OpenSSL 1.1.1, ita kuwa 22.04 da ta fito a watan Afrilun 2022 tana ɗauke da OpenSSL 3.0, wanda fayil ɗinsa sunansa libssl.so.3, kuma manhajar da aka haɗa da na farko ba za ta karɓi na biyu ba, ko da an sauya masa suna.

Shawarar abokinka za ta iya sa manhajar ta buɗe, amma ban goyi bayanta ba. Masu OpenSSL sun daina gyara 1.1.1 kyauta tun 11 ga Satumban 2023, kuma fayil ɗin da ka ajiye da hannunka babu sabuntawar Ubuntu da za ta taɓa shi, don haka duk ɓarakar tsaron da aka gano daga baya za ta zauna a kwamfutocin abokan cinikinka ba tare da sun sani ba.

Abin da ya dace shi ne ka sake haɗa manhajar a kan 3.0, ka fitar da kunshi daban ga kowane zubin Ubuntu. Yawanci gyaran ba shi da yawa, sai dai akwai wurin da mutane suke tuntuɓe: a 3.0 an kwashe tsofaffin hanyoyin ɓoye bayanai irin su RC2, RC4 da Blowfish zuwa wani sashe mai suna legacy, wanda ba ya kunnuwa da kansa. Saboda haka tsohon fayil ɗin makulli na PKCS#12 da aka kulle da RC2 zai ƙi buɗewa ko da kalmar sirrin daidai ce. Ka buɗe shi sau ɗaya da wannan sashen, ka sake kulle shi da AES, hanyar ɓoye bayanai ta zamani.

Idan kunshi ɗaya kake so ya yi aiki ko'ina, Flatpak, tsarin kunshe manhaja tare da abubuwan da take buƙata, zai yi maka. In kuwa ka zaɓi cusa OpenSSL cikin manhajar, to ka sani nauyin fitar da sabon zubi duk lokacin da aka toshe wata ɓaraka ya dawo wuyanka.