Jemage Mai Ganye a Hanci, Ɗan Wane Gida Ne?

Tambaya: Malam, mun ga wani ɗan jemage a tsohon rumbun kakata, hancinsa kamar an liƙa masa ganye. Yayana ya ce mai shan jini ne. A wane rukuni masana suka sa shi?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yata, ki ce wa yayanki ya kwantar da hankalinsa. Jemagu masu shan jini iri 3 ne kacal, kuma duk suna can nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa kudu. Na rumbunku ƙwari yake ci.

Da farko, shi ba tsuntsu ba ne. Haihuwa yake yi, ya shayar da nono, don haka yana ajin Mammalia, a rukunin Chiroptera, wato "mai fiffike a hannu" da Girkanci. Shi kansa Linnaeus, masanin da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu sunayen kimiyya, a 1758 tare da birai da mutane ya jera jemage, sai daga baya aka ware shi.

Bisa siffar da kika bayar, naku ɗan gidan Hipposideridae ne, jinsin Hipposideros. Ma'anar sunan "ƙarfen doki", don fatar hancin ta yi kama da ƙarfen da ake buga wa kofato. Na taɓa haska ɗaya da tocila a wani kango: nauyinsa wajen giram 10, kunnuwan ba sa daina motsi. Ta hanci yake fitar da ƙara mai sirin da kunnenmu ba ya ji, ganyen nan ya saita ta, ta bugi ƙwaro ta dawo masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, su ma dangin masu shan jinin, Phyllostomidae, yawancinsu suna da ganye a hanci, amma kama da wane ba ta wane ba ce. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna naku ya fi kusa da manyan jemagun da ke cinye mana mangwaro a kan waɗancan.

Sunansa na biyu, wato wanda ke bin Hipposideros, shi ne mai wuya. Hipposideros caffer, wanda wani masani mai suna Sundevall ya raɗa wa suna a 1846, da Hipposideros ruber sun yi kama ƙwarai, har masana sai sun auna ƙoƙon kai, sun naɗi ƙarar, sun duba ƙwayoyin halitta kafin su rarrabe su. Ki rubuta Hipposideros a littafinki, ya wadatar. Kada dai ku taɓa shi da hannu, jemagu kan ɗauki cuta.