Amsa ga Alhajin da koci ya ce yaronsa ya yi gajarta a layin tsaro

Salamu alaikum Alhaji. Ka ce yaronka yana buga difensif takul, wato ɗan tsakiyar layin tsaro a ƙwallon Amurka, a sakandare, tsawonsa bai cika ƙafa 6 ba, koci ya ce ko ya ƙara ƙiba sosai ko ya haƙura da wurin, shi ne kake tambaya su waye suka fi kowa gagara a layin tsaro a jami'a da NFL, babbar gasar ƙwararru, don ka nuna masa su, sannan wai ka fara ɗura masa abinci ne ko yaya. Wallahi da na karanta sai da raina ya sosu, don irin maganar da aka yi wa nawa yaron ke nan, har kalmomin kusan iri ɗaya, sai ka ce makaranta guda suke zuwa su koyo ta.

Ka zaunar da shi yau ɗin nan ka buɗe masa YouTube ka sa masa Aaron Donald. Kar ka fara da kowa sai shi. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 1, nauyinsa wajen fam 280, wato kamar kilo 127, kuma a wannan wurin na tsakiya wannan ƙaramin jiki ne, don masu tare shi yawancinsu sun haura fam 300. Da ya gama sakandare a Pittsburgh manyan jami'o'i ba su wani damu da shi ba saboda gajarta, ya tsaya jami'ar Pitt ta garinsu, a 2013 ya kwashe kyaututtukan Outland da Lombardi da Nagurski da Bednarik na gwarazan 'yan wasan jami'a duk a shekara ɗaya, amma duk da haka a daraf na 2014, wato zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NFL ke yi, sai da aka ɗauki mutum 12 kafin Rams su ɗauke shi. Sau uku yana zama gwarzon mai tsaron baya na NFL, 2017 da 2018 da 2020. A 2018 ya yi sak 20.5 (sak shi ne kayar da kwatabak, mai jefa ƙwallo, kafin ya jefa), daga tsakiya fa, inda kullum mutum biyu ke kansa wani lokacin har uku. Mu nan Ohio ba za mu manta da shi ba, Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, na Fabrairun 2022, Bengals ta jiharmu na neman yadi ɗaya su ci gaba da rai, ya keta ya cafko kwatabak ɗinsu Joe Burrow ya juya shi, ƙwallo ta faɗi ƙasa, wasa ya tashi 23 da 20, maƙwabtana kwana suka yi ba mai magana. Kuma Alhaji ka ce wa yaron kar ya tsaya kallon inda kwatabak ya faɗi, ya rage gudun bidiyon ya kalli hannuwan Donald da takunsa na farko, kafin gad, mai tare shi, ya gama ɗago kai hannun Donald yana ƙirjinsa, ya doke hannun wancan gefe ya ratsa ta ƙarƙashin hammata. Nan aikin yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa a gida ya san wanda ya riga shiga ƙasa ya kama ƙugu shi ke da kayi, to haka layin nan yake, dogo sai ya sha wahala kafin ya sunkuya, gajere kuwa a nan Allah ya ajiye shi.

Shi kocin yarona bai taɓa yarda da wannan ba. Mutumin nan tef ɗin awo da sikeli su ne idonsa. Yaro ya yi aji biyu yana shiga bayan layin mutane yana ɓata musu wasa, ƙaramin kocin da ke kula da 'yan layi yana sonsa ƙwarai, sai aka canja babban koci, sabon ya zo ya jera su a ɗakin motsa jiki yana aunawa, ya dubi yaron a gaban abokansa ya ce masu irin tsawonka ƙwallonsu a sakandare take ƙarewa. A gaban yara fa Alhaji. Sannan ya ba shi wani nauyi ya ce in bai kai ba kafin watan Agusta to benci. Yaron nan ya dinga cin abinci kamar an sa shi dole, don dolen ce, ya ci tuwon uwarsa ya tashi ya haɗa garin furotin da madara da man gyaɗa ya shanye yana yamutsa fuska, tsakar dare na fito na same shi tsaye gaban firij yana tura burodi idonsa a rufe don barci. Ya kai nauyin. Amma saurin nan nasa da shi ne jarinsa ya tafi, gwiwa ta fara ciwo, in an saki ƙwallo sau uku a jere sai ka ga ya dafa ƙugu yana haki, sai kocin nan ya juyo ya ce ai ka gani, ba shi da sauri. Kai ka sa shi ya ƙara, kai kuma ka ce ya yi nauyi, to ina zai sa kansa? Ya ɗauko wani dogon yaro ya sa a wurin, ba ni da matsala da yaron ko kaɗan, ɗan mutane ne mai ladabi yana zuwa gidana ma, amma kowa a filin yana gani da an saki ƙwallo yake miƙewa tsaye a tura shi baya.

Abin da har gobe in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwarona shi ne daren 'yan ajin ƙarshe. Kun san yadda ake yi, a kira sunan yaro iyaye su rako shi tsakiyar fili. Na bar aiki, na sa babbar riga cikin sanyin nan, uwarsa ta sha lalle ta riƙe fure, muka taka da shi ana tafi. Ko wanne koci mai tausayi a wannan daren yana barin 'yan ajin ƙarshe su fara wasa ko da na ɗan lokaci ne. Mutumin nan ya bar min yaro a tsaye bakin layi da hular kwano a hannu tun daga farko, duk lokacin da 'yan tsaro za su shiga sai na ga ya ɗan matso kusa da kocin don ya gan shi, kocin ya kau da kai. Sai da ya rage abin da bai kai minti biyu ba, an riga an cinye mu, sannan ya yafito shi da yatsa ko kallonsa bai yi ba. A mota ba wanda ya ce uffan har gida. Washegari uwarsa ta ɗauko rigar wasan za ta sa a injin wanki, ta ɗaga ta ta ga fara ƙal ko tabon ciyawa babu, sai kawai ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Na je na same shi a ofis da ladabina na ce Koci me yaron nan ya yi maka, ya ce wai shi ba ya tattauna lokacin wasa da iyaye. Daga baya ƙaramin kocin nan ya gaya min cewa wata ƙaramar jami'a ta kira tana tambayar yaron, mutumin ya ce musu kar su ɓata lokacinsu. Wannan ita ce ban yafe ba, na bar shi da Allah. Hana shi wasa ikonka ne, amma ka tare masa ƙofar da ba taka ba?

To maganar ɗura abinci, dan Allah Alhaji kar ka yi. Ya ci mai kyau ya ƙoshi, ya ɗaga ƙarfe, nauyin ya zo a hankali da tsoka. Shi Donald ɗin tun yana ɗan shekara 12 babansa ke tashinsa da asuba su sauka ɗakin ƙasa su ɗaga ƙarfe, da haka aka gina jikin nan. Ka nuna masa John Randle ma, shi ma ƙafa 6 da inci 1, ya fito daga wata ƙaramar jami'a a Texas, a 1990 ba ƙungiyar da ta ɗauke shi a daraf saboda ƙanƙanta, shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya ɓoye sarƙar ƙarfe cikin wando ranar awo don sikelin Vikings ya nuna nauyin da suke so. Ya gama da sak 137.5, a 2010 aka sa shi a Hall of Fame, zauren karrama gwaraza. Gajere ba yaro ba ne.

In a jami'a kake tambaya, ni a idona ban ga kamar Ndamukong Suh na Nebraska a 2009 ba, kuma babansa ɗan Kamaru ne, maƙwabci. Ka nemo wasan ƙarshe na gasar jami'o'i ta Big 12 da suka yi da Texas, ka kalla gaba ɗaya ba guntu ba. Sak 4.5 a kan kwatabak ɗinsu Colt McCoy shi kaɗai, akwai inda ya kama shi ya wurgar, mutum ɗaya ya kusa kayar da ƙungiyar da ba a ci ta ba duk shekarar, sai da aka mayar da daƙiƙa ɗaya a agogo Texas suka buga suka ci 13 da 12. A zaɓen Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'a, ya zo na huɗu, Mark Ingram ya ɗauka, ni dai har yau ina ganin an zalunce shi don kawai ba ya riƙe ƙwallo. Sai dai ka ja wa yaron kunne, zuciyar Suh ba abin koyi ba ce, a 2011 yana Detroit ya taka ɗan wasan Packers a ƙasa aka dakatar da shi wasa biyu, kuma yaranmu da suna irin namu in suka yi rabin wannan ka san yadda za a kalle su.

Na san yanzu wani zai shigo ya ce ina Lawrence Taylor, shi lainbaka ne, mai tsayawa bayan layi, ba ɗan layi ba, a bar shi gefe. In ana maganar wanda ya fi kowa gaba ɗaya, tsofaffin da suka riga mu kallo Reggie White suke cewa, kuma da wuya ka musa musu. Sak 198, Bruce Smith na Buffalo ne kawai ya fi shi da 200. A 1987 da aka yi yajin aiki ya yi 21 a wasa 12 kacal, a Super Bowl da Packers suka ci Patriots ya yi uku. Yana da wani salo da zai sa hannu ɗaya ƙarƙashin hammatar ƙato mai fam 300 ya watsar da shi gefe. Shi dogo ne, yaronka ba zai kwafi komai nasa ba, amma wannan salon zai iya koya. Reggie ya rasu a Disambar 2004 yana da shekara 43 kacal, zuciya ce, kuma ana ganin matsalar ɗaukewar numfashi cikin barci ta taimaka. Shi ya sa nake jin tsoron ƙibar nan da ake tilasta wa yara. Lokacin da nawa ya yi nauyin nan minsharinsa har falo ake ji, wani sa'in ya yi shiru kamar numfashi ya tsaya sannan ya ja da ƙarfi, uwarsa ba ta barci. In ka ji haka a ɗakin yaronka ku tafi asibiti kar ku jira. Haka in ya bugu a ka ya ce yana ganin jiri ko haske na damunsa, ba wasa ba atisaye sai likita ya sallame shi, ko koci zai yi ta kumfar baki.

Wani abu kuma, kar yaron ya sa ƙidayar sak a ransa. Vince Wilfork na Patriots duk zamansa a NFL sak 16 ya yi, amma sai an sa mutum biyu a kansa, na bayansa su samu hanya su yi suna. Deacon Jones da ya raɗa wa abin suna ma a zamaninsa ba a ƙirgawa a hukumance, sai 1982 aka fara. Masu neman 'yan wasa na jami'a sun san wannan, fim suke kallo. Don haka kar ka zauna jiran koci ya yi maka komai, ku haɗa fim ɗinsa a Hudl, shafin ajiye bidiyon wasanni, da kanku, ku sa wasannin da ya fi tashi da sauri a farko farko don ba mai kallon minti goma, shi yaron ya tura wa kocin layin tsaro na jami'o'in da hannunsa, ku je sansanin bazara da suke yi su gan shi ido da ido. J.J. Watt ma da ya koma Wisconsin ba sikolaship ya shiga, har kai wa mutane fiza ya yi, ga shi sau uku shi ma yana zama gwarzon mai tsaron baya. Ta haka nawa ya samu wata ƙaramar jami'a ta Dibishon 3, su ba sa ba da kuɗin karatu don wasa, makinsa ne ya jawo masa tallafi, ya sauke nauyin banzan nan saurinsa ya dawo ya buga abinsa har ya gama. In lokacin sanyi makarantarsu na da ƙungiyar kokawa ka sa shi, kocin jami'a na son ɗan layi da ya yi kokawa ƙwarai.

Kuma ka riƙe masa karatu da ƙarfi Alhaji, ka ba shi labarin Alan Page na Vikings, mai tsaron baya na farko da ya zama MVP, gwarzon ɗan wasan NFL gaba ɗaya, a 1971, yana buga ƙwallo yana karatun lauya, daga baya ya yi shekara 22 yana alƙali a kotun ƙolin jihar Minnesota. In yana son ya ga na gida akwai Osi Umenyiora, iyayensa 'yan Najeriya, daga jami'ar Troy ya je Giants ya ci Super Bowl biyu, akwai daren da ya yi wa Eagles sak 6 a 2007.

Ita kuma Hajiya ka lallashe ta, su iyaye mata abin ya fi cin su fiye da yadda suke nunawa. Ka turo min fim ɗin yaron ta inbos, zan ba nawa ya duba masa tsayuwarsa da hannuwansa, in da hali ma su yi waya ranar Lahadi bayan la'asar, yaro ya fi jin maganar wanda ya bi ta wurin. Allah ya raya mana su ya tsare musu lafiyarsu.