Kwana biyar a Kilimanjaro? Kar ka karɓi kuɗin nan tukuna

Salam yaro. Na ga saƙonka tun jiya da daddare, caji ne ya yanke min. Ka ce samari shida ne daga Kano suke so ka shirya musu hawa dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, duk 'yan ƙwallo, sun ce a yi musu na kwana biyar ta hanyar Marangu don shi ya fi araha, kana tambaya ka karɓa ko kuwa, sannan me za ka sa su saya. Maganar kaya zan zo kanta, amma kwana biyar ɗin nan dai kar ka amsa.

Ɗauki biro ka yi lissafin da kanka. Kano ba ta wuce mita 500 daga saman teku ba. Daren farko za su kwana Mandara, mita 2,700, na biyu Horombo, wajen 3,700, na uku Kibo, 4,700, kuma a Kibon ma ba wani barci ake yi ba, tsakar dare ake tada mutane a nufi ƙololuwa, wato Uhuru, mita 5,895. Ka ga kullum ana ƙara mita dubu kenan a wurin kwana, alhali abin da likitoci suke cewa shi ne in an haura mita 3,000 kar wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Ninki biyu fa. A can sama numfashi ɗaya iskar da yake kai wa jini kusan rabin na nan ƙasa ce, jiki kuma sai a hankali yake sabawa, ba ruwansa da ƙwanjinka.

Kuma wallahi 'yan ƙwallon nan su na fi jin tsoro. Dattijo mai tumbi ya san kansa, zai bi bayan jagora tiƙis tiƙis, in 'yan Tanzaniya suka ce masa pole pole, wato sannu sannu, zai ji. Saurayi kuwa gani yake raini ne. Akwai wani da na taɓa rakawa, ƙato, tun daga ƙofa yake wuce 'yan dako yana ɗaukar bidiyo, da muka isa Kibo na miƙa masa shayi ya kasa riƙe kofin, ya yi amai a kan takalminsa, ya ce min wai maleriyarsa ce ta tashi. Na ja layi a ƙasa da sanda na ce ya taka, dunduniya na taɓa yatsa, taku uku bai yi ba ya karkace kamar ɗan maye. A daren muka sauko da shi, yana zagina har Horombo, gari na wayewa ya nemi abinci. Ka riƙe gwajin layin nan. Ciwon kai da tashin zuciya da rashin cin abinci, a tsaya kar a ƙara hawa. Tangaɗi, surutai, haki alhali mutum na zaune, tari mai kumfa, wannan ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, maganinsa gangarowa nan take ko ƙarfe biyun dare ne, ba a jiran safiya kuma ba a tura shi shi kaɗai.

Abin da za ka gaya musu: ko hanyar Machame kwana bakwai ko hanyar Lemosho kwana takwas. Ni Machame na fi so saboda rana ɗaya, ranar da ake hawa Lava Tower, mita 4,600, a ci abincin rana a can sannan a gangaro Barranco a kwana ƙasa da 4,000, jiki ya ɗanɗana sama ya dawo ya huta. In sun nace sai Marangu don ɗakunan kwana ne da ita ba tanti ba, to a ƙara kwana ɗaya a Horombo ya zama shida. Na san kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki kullum ake lissafa shi, ga 'yan dako ga mai girki, kowace rana kuɗi ce, amma wanda ya biya jirgi ta Addis Ababa ya iso har Moshi, garin da ke gindin dutsen, ya juyo daga Kibo, me ya rage? Araha ba ta ado.

Sai abin da mutanenmu suke mantawa, kuma ban yarda ka karɓi sisin kowa ba sai ka ga takarda: gwajin sikila. Mai SS babu zancen tafiya. Mai AS ma da yake yawonsa lafiya lau a gida, a sama saifarsa na iya toshewa, ciwo ya kama shi a hagu ƙarƙashin haƙarƙari, don haka likita ne zai ce ya je ko kar ya je, ba kai ba, ba ni ba. A wajen likitan su yi tambaya kan maganin Diamox, yana taimakawa jiki ya saba amma yana sa yawan fitsari da jin yatsu na zuga kamar kiyashi na bi, gara su sani tun a gida. Katin rigakafin shawara ma kar a bari.

Kaya kuwa takalmi ne gaba. Su saya tun yanzu su dinga yawo da shi wata biyu, sabon takalmi a dutse ƙafa yake ci. In da hali ka kai su Jos su hau duwatsun Shere da jaka a baya, ba zai koya wa jini komai ba amma za ka gane wa ke da gardama. Riguna a jera su uku huɗu marasa nauyi, jaket mai tare iska da ruwa a sama, ban da auduga a jikin fata don in ta jiƙe da gumi ba ta bushewa. Safar hannu, hular sanyi, baƙin gilashi, tocilar goshi da batir na ajiya a aljihun ciki, sanyi na shanye batir. Jakar barci da sanduna a yi haya a Moshi. Ɗan dako kilo 20 doka ta yarda ya ɗauka kuma ana aunawa a ƙofa, har da kayan girki da tanti a lissafi, saboda haka ka hana su loda tarkace. Leda kuma Tanzaniya ta hana tun 2019. Ruwa lita uku zuwa huɗu kullum, daren ƙarshe a sa gora cikin safa a kife ta, daga sama yake fara daskarewa. Dabino da gyaɗa a aljihu, a sama abinci baya shiga.

Lokaci: Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu ruwa ne. Ka duba kalanda kar ya faɗo cikin azumi, hawan nan ba ya yiwuwa babu shan ruwa. Maganar sallar ƙasaru da taimama su tambayi malami kafin a tashi, don alwala a Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa a hanyar Machame, da asuba sai wanda ya gwada.

Ka kira shugaban nasu yau ka karanta masa lissafin mitocin nan. In ya ce shi dai biyar ko a fasa, ka ba shi haƙuri a fasa ɗin. In sun yarda, turo min sakamakon gwajin su shidan kafin ka nemi jagora a Moshi.