Mai jigilar motoci a Amurka da tashar awo

Tambaya: Na fara sana'ar jigilar motoci tsakanin jihohin Amurka da a-kori-kura mai jan tirelar da ke ɗaukar mota uku. Abokan aiki sun ce mini tashar awo, inda ake auna nauyin motoci a bakin hanya, ta manyan motoci ce kawai, ban da irina. Gaskiya ne? Idan kuma aka tsayar da ni, me za a duba?

Amsa: Malam, kada ka ɗauki maganar nan. A dokar tarayya, duk motar da ke kasuwanci daga jiha zuwa jiha, wadda nauyinta haɗe da na tirela ya kai laba 10,001, wato kimanin kilo 4,500, ta shiga ƙarƙashin FMCSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar motocin kasuwanci a hanya, kuma dole ta ɗauki lambar USDOT, wato lambar rajista ta ma'aikatar sufuri ta Amurka, a jikinta. Kowace jiha ce ke fayyace wanda zai hau sikelinta, saboda haka ka karanta allon bakin hanya, in tashar a buɗe take kuma kana cikin shakka, ka shiga. Wanda ya wuce aka bi shi aka dawo da shi ya jawo wa kansa tara da bincike mai tsanani.

Inda sababbin direbobi suka fi faɗawa shi ne batun lasisi, kuma abin yana ba ni takaici, domin kuskure ne da minti biyu za su hana. Jami'i zai buɗe ƙofar motarka ya karanta nauyin da kamfani ya ƙayyade mata a ɗan farantin da ke jikin ƙofar, sannan ya zagaya ya karanta na tirela. Idan motar laba 14,000 ce, tirelar ma 14,000, jimilla 28,000 ke nan. Da zarar jimillar ta kai 26,001, tirelar kuma ta haura 10,000, sai da lasisin tuƙin motocin kasuwanci, wato CDL, na rukunin A, ko da babu mota ko ɗaya a kan tirelar ranar. Wanda ba shi da shi, a nan tafiyarsa za ta tsaya.

Shi kuwa sikeli, aksul-aksul yake auna ka, wato nauyin da ke kan kowane ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da dama. Iyakar tarayya a manyan hanyoyi ita ce laba 80,000 gaba ɗaya, 20,000 a aksul guda, 34,000 a tagwayen aksul. Da wuya irin motarka ta kai can, amma tana iya wuce ƙarfin da aka rubuta wa tayoyinta. Mota mai nauyi da aka ɗora a gaban tirela tana danne aksul ɗin bayan a-kori-kura, kuma motocin lantarki sun fi takwarorinsu nauyi saboda batir, don haka ka tsara lodinka tun kafin ka ɗaure. Ka kuma auna tsayi da sanda, domin jihohi da yawa sun tsaya a ƙafa 13 da inci 6.

Binciken kansa yana bin matakan CVSA, ƙungiyar masu binciken motocin kasuwanci, wadda ta haɗa Amurka da Kanada da Meziko. Mataki na uku takardu ne da direba: lasisi, shaidar likita, da sa'o'in aiki, waɗanda ba su yarda ka yi tuƙi fiye da awa 11 cikin awa 14 ba bayan hutun awa 10. Mataki na biyu ya ƙara da zagaya motar. A mataki na ɗaya kuwa jami'in har ƙarƙashinta yake shiga, ya duba birki, ya auna zanen taya, ya gwada birkin gaggawa na tirela, wanda ƙaramin batir ɗinsa kan mutu ba tare da direba ya sani ba.

Sai ɗauri. Doka ta ce motar da ba ta wuce laba 10,000 ba a ɗaure ta gaba da baya da aƙalla maɗauri biyu, amma shawarata ka sa huɗu, ɗaya a kowace taya, domin idan biyu ne kacal kuma jami'i ya ga ɗaya ya tsage ko ya saki, ba ka da abin kare kanka. Wajibi ne ka tsaya ka sake duba ɗaurin cikin mil 50 na farko, sannan bayan kowace awa uku ko mil 150, duk wanda ya riga zuwa.

Duk laifin da aka rubuta maka yana zama a bayanan kamfaninka wata 24, kuma masu inshora da dillalan lodi suna dubawa. Idan ka tabbata an rubuta maka abin da ba daidai ba, kada ka yi jayayya a bakin hanya. Ka karɓi takardar, ka ɗauki hoton abin da ake magana a kai nan take, sannan ka shigar da ƙorafi ta shafin DataQs na hukumar FMCSA.