Tambaya da Amsa: Sitiyarin motata yana rawa, wace shokabzoba zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser 79 mai buɗaɗɗen baya, wadda nake jigilar hatsi da kanwa da ita tsakanin Gashuwa da ƙauyukan arewacin Yusufari, inda rabin hanyar gargada ce, sauran kuma rairayi. Wata biyu ke nan da na sa aka ɗaga motar da sababbin sifirin, kuma tun daga lokacin, idan ina gudun kilomita 70 zuwa 80 a awa tayar gaba ta faɗa rami, sai sitiyari ya kama rawa a hannuna har sai na taka birki. Bayan motar ma yakan yi ta tsalle idan tafiya ta yi nisa. Bakanikena ya ce in sayi babbar shokabzobar sitiyari, in kuma canja na ƙafafu huɗu. Wace iri ya kamata in nema? Daga mai karatu a Gashuwa, Jihar Yobe.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ina roƙonka kada ka fara da sayen shokabzobar sitiyari, domin rawar da ka kwatanta ba daga gare ta take tasowa ba, kuma idan ka ɗaura babba za ta danne alamar ciwon ne kawai alhali ciwon yana nan yana cin ƙarfe. Aikin wannan na'ura, wadda take kwance tsakanin shasi da sandar sitiyari, shi ne ta shanye dukan da dutse ko rami ke yi wa taya kafin ya iso tafin hannun direba. Motar da ƙafafunta na gaba suke lafiya ba ta yin irin wannan rawa ko da an cire mata ita gaba ɗaya.

Abin da na fi zargi shi ne ɗagawar da aka yi. Tun daga 1999 kamfanin Toyota ya mayar da gaban wannan samfuri kan sifirin mai murɗe, aka bar na ganye a baya, kuma dogayen hannuwa biyu ne suke riƙe da akzul ɗin gaba. Idan aka ɗaga mota da milimita 50 ko fiye, hannuwan nan sukan sunkuya, akzul ya ɗan juya, sai kusurwar da makanikai ke kira kasta ta ragu. Kasta ita ce take sa tayoyi su koma miƙe da kansu bayan an sha kwana, kamar yadda cokalin keke yake ɗan kishingiɗe don kada kai ya riƙa kaɗawa. Ka kai motar wurin masu alaimen da na'ura su auna kasta, idan ta gaza abin da kamfani ya ƙayyade, akwai bushin na musamman da ake sawa a hannuwan don mayar da ita.

Kafin ka je can, akwai binciken da ba ya cin ko sisi. A ajiye motar a ƙasa mai tauri, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, kai kuma ka duƙa ka kalli kawunan tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da tayoyi, da bushin ɗin sandar da ke hana akzul zamewa gefe, domin duk inda ka ga ƙarfe ya motsa kafin abokinsa ya biyo shi, to nan akwai sako-sako. Sannan a ɗaga tayar gaba da jak, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan motsin ya ɓace sa'ad da aka taka birki, boris ɗin taya ne. Idan bai ɓace ba, boris ɗin da ƙafar take juyawa a kansu ne, na sama da na ƙasa, waɗanda rairayi da rashin giris suke saurin kashewa. Kada kuma a manta da balansin ɗin tayoyi, musamman idan laka ta bushe a cikin wili.

Bayan an gyara waɗannan, zaɓen shokabzobar sitiyari ba shi da wahala. Ka nemi wadda aka ƙera wa wannan mota, mai tauri iri ɗaya wajen miƙewa da wajen tsukewa, kuma bayan an ɗaura a murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane ɓangare a tabbatar ba ita ce take tsayar da shi ba. Wasu masu iskar gas mai ƙarfi sukan riƙa tura motar gefe ɗaya a kan kwalta, saboda haka mai mai zalla ta wadatar, sai fa idan ka sa tayoyin da suka fi na asali girma sosai. Na sha ganin an ɗauko shokabzobar ƙafa an kwantar an ɗaura a sitiyari, kuma wannan kuskure ne babba, domin yawancinsu an yi su ne su yi aiki a tsaye, taurinsu kuma ba daidai yake ta ɓangarorin biyu ba.

Tsallen baya kuwa, a nan bakanikenka yana da gaskiya, kuma a nan ya dace kuɗinka su tafi. Sifirin ne yake ɗaukar nauyin mota, ita shokabzoba aikinta hana sifirin ci gaba da lilo, kuma tana yin haka ne ta hanyar matsa mai ya bi ta ƙananan ƙofofi a jikin fistin, wanda yake mayar da motsi ya zama zafi. A kan gargada fistin yana hawa da sauka ba hutawa, man ya yi zafi ya tsinke, ya gauraya da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Shi ya sa motarka take natsuwa da safe, amma bayan awa ɗaya cikin zafin watan Afrilu sai ta koma kamar kwalekwale.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai mai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, wadda ta fi araha, ta fi laushi, kuma idan tsakuwa ta lotsa bututun waje za ta ci gaba da aiki, sai dai ba ta saurin fitar da zafi. Akwai mai bututu ɗaya, irin wadda aka san kamfanin Bilstein na Jamus da ita, inda wani fistin na biyu yake raba mai da iskar naitirojin don kada su gauraya. Ta fi jure doguwar gargada, amma lotsewa ɗaya tak a jikinta tana iya kashe ta, don haka tana bukatar kariya daga tsakuwar da tayar gaba ke watsowa. Masu ƙaramin tanki a gefe sun fi kowacce sanyi, amma tsadarsu da wahalar samun mai gyara su sun sa ba na ba ɗan kasuwa irinka shawarar su. A ganina, mai bututu biyu mai kaurin jiki da yawan mai, irin waɗanda kamfanonin Ostireliya kamar Old Man Emu da Tough Dog suke ƙerawa don hanyoyin dajinsu, ita ce ta fi dacewa da aikinka.

Sai dai suna ba ya maye gurbin awo. Tunda an ɗaga motar, mai yiwuwa tsofaffin shokabzoba sun yi mata gajarta, sai su riƙa miƙewa har ƙurewa a kowane tudu, abin da yake yaga bushin ya kuma tsage kunnen da aka ɗaura su. Wadda ta yi tsawo fiye da kima kuwa za ta tsuke ta ƙare kafin akzul ya taɓa robar da ke tare shi, sai nauyin mota da na kaya duka ya sauka a kanta. Ka sa a auna tsawon da ake bukata a miƙe da a tsuke, ka tafi kasuwa da awon da lambar shasi, ka kuma gaya wa mai shago gaskiyar nauyin da kake ɗorawa. A canja su bibbiyu, hagu da dama tare, kuma kada a ƙarasa ɗaure noti sai an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta.

Tambaya: Ina da Hilux ƙirar 2012. Na duba ƙarƙashinta ban ga shokabzobar sitiyari ba. An cire ne, ko in sa a ɗaura mini? Sannan mene ne ra'ayinku kan 'yan Beljiyam, wato kayan gyara na hannu? Daga mai karatu a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Ba a cire komai ba, Malam. Hilux da aka fara fitarwa daga 2005 kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai, sitiyarinta kuma mai rak ne, wato sanda mai haƙora da ke juya tayoyi, kuma kamfani bai sa mata wannan na'ura ba. Kada ka bari a yi maka walda a ƙirƙira mata wuri. Idan kana jin duka ko ƙara a sitiyari, a duba kawunan rak da bushin ɗinsa da boljoyin.

Game da 'yan Beljiyam, ina sayen ƙofa ko fitila ta hannu ba tare da fargaba ba, amma shokabzoba tana mutuwa ne daga ciki inda ido ba ya gani, kuma wanki da fenti suna ɓoye shekarunta. Sabuwa ta asali daga Toyota ko kamfanin KYB mai ƙera shokabzoba ta fi kwanciyar hankali, in ka samu dilan da ka amince da shi, domin jabu ma sun cika kasuwa. Idan aljihu ya tilasta maka, ka duba sandar kada ta kasance da tsatsa ko ƙarzuwa, ka tsayar da ita ka ja ka danna sau da yawa, duk wadda ta yi tsalle babu riƙo a wani wuri ka ajiye ta. Waɗanda suke jikin motarka kuwa, bayan tafiyar rabin awa a kan gargada ka kai hannu kusa da kowacce a hankali: masu aiki za su yi ɗumi ko zafi, wadda ka tarar da sanyi ita ce ta daina aiki.