Filin Tambaya da Amsa: Kaɗa Ƙuri'a Ake Yi Ko Jefawa?

Tambaya: Malam, ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare da ke Tudun Wada, Zariya. Ɗalibaina sun yi gardama a kan ko "kaɗa ƙuri'a" ne daidai ko "jefa ƙuri'a", wasu kuma suka ce su a gida "dangwalawa" suke ji. Wanne ya kamata in koya musu su rubuta?

Amsa: Malama, duka ukun Hausa ce ingantacciya, sai dai kowacce da wurin da ta fi zama daram, kuma tarihin zaɓe a ƙasar nan ne ya ba kowacce matsayinta.

Ita ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, kuma ta daɗe a bakin Bahaushe kafin zuwan jam'iyyu. Asalinta hanyar raba gardama ce idan mutane sun yi daidai a haƙƙi, kamar yadda ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Har gobe matan da ke zubin adashe sukan rubuta sunaye a ƴan takardu, a nannaɗe, a karkaɗa a cikin kwano, a kira yaro ya ɗauko ɗaya domin a san wadda za ta fara kwasa. A wannan ƙuri'ar babu wanda yake da zaɓi, rabo ne kawai. Siyasa ce ta ɗauki kalmar ta ɗora mata niyya da ra'ayin mai ita.

"Jefawa" tana bayyana abin da hannu ke yi ne kai tsaye. A zaɓen tarayya na 1959 kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, sai mutum ya shiga bayan shamaki ya jefa takardarsa a akwatin wanda yake so. A lokacin jefawar ita ce zaɓen baki ɗaya, kuma maza ne kaɗai suka yi ta a Arewa, domin sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970 mata suka sami wannan dama. Da aka koma takarda guda mai jerin alamomi, wadda ake sa wa babban yatsa da tawada, sai "dangwalawa" ta samu shiga, shi ya sa za ki ji masu yaƙin neman zaɓe a Sabon Gari ko Ƙofar Doka suna cewa a dangwala wa jam'iyya kaza. Kalma ce mai rai, amma ta dandalin kamfe ce da hirar majalisa, ba zan so in gan ta a takardar jarrabawa ba sai in ana kawo maganar wani.

Akwai ma zamanin da babu jefawa babu dangwalawa, wato farkon shekarun 1990, lokacin mulkin Janar Babangida, da ake yin layi a bayan hoton ɗan takara a ƙirga kawuna. Hausawa suka raɗa masa "ƙato bayan ƙato", sunan da har yanzu ake kiran zaɓen fid da gwani na kai tsaye da shi. Ko a nan mutane sun ci gaba da cewa wane ya sami ƙuri'u kaza, alhali babu takarda ko ɗaya.

Wannan ne dalilin da ya sa na fi son ki koya musu "kaɗa ƙuri'a" a rubutu, domin ita ce ba ta ɗaure da akwati ko tawada. Ƴan majalisa suna kaɗa ƙuri'a da murya ko da ɗaga hannu, ana kaɗa ƙuri'ar raba gardama, ana kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna, kuma ita ce kafafen yaɗa labarai suka fi riƙewa.

Sai ki ja hankalinsu ga ginin jimla. Mutum ake zaɓa, ƙuri'a kuwa kaɗa masa ita ake yi: "na zaɓi wane", ko "na kaɗa wa wane ƙuri'a". Ki kuma tsananta a kan lanƙwasar harafin ɗ, wadda masu rubutu a waya suka saba yarwa. "An kaɗa masa ƙuri'a" na nufin an mara masa baya, "an ka da shi" kuwa na nufin ya sha ƙasa, sannan ga "kada" ta hani, wadda idan aka bar ta a farkon jimlar sanarwa takan sa mai karatu ya tsaya ya sake dubawa kafin ya gane ko kiransa ake yi rumfar zaɓe ko hana shi zuwa.